Kafin Ka Kafa Tanti a Yankari

 Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini cewa kai da abokanka kun haɗa kuɗi, kun aro tanti, za ku tafi Yankari ku kwana a daji idan an ba ku hutu. Nufinta in hana ka. Ni kuwa ba zan hana ka ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma abin takaici ne a haifi yaro a Bauchi, ya yi wayo a Bauchi, wasu su ƙetaro teku don ganin abin da ke bayan gidansu, shi ko ƙofar wurin bai sani ba. Sai dai ka ba ni aron hankalinka kafin ka ɗaure kaya, domin abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Garin nan namu Allah ya kewaye shi da dazuzzuka masu albarka. In ka bi hanyar Ningi, ga Sumu nan a ƙasar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. In ka yi yamma, tsakanin Toro da Ningi, dajin Lame-Burra ne shimfiɗe. In kuwa ka kama hanyar Gombe ka karya dama a Dindima, to Yankari ka nufa, ita ce uwa a cikinsu, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a Disambar 1962. Ina riƙe da alli a aji Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, a kan idona kuma ta dawo hannun jiha a 2006. Na shige ta ina saurayi, na shige ta da ɗalibai cike da mota, na shige ta da sanda a hannu. Duk abin da zan faɗa maka a ƙarƙashin magana ɗaya yake: daji gidan wasu ne. Kuɗin da za ka biya a ƙofa, izinin shiga ka saya, gidan yana nan na masu shi. Wani da haure, wani da ƙaho, wani da dafi, kuma kowanensu ya riga ka zuwa.

Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, ba ƙauye, ba mai faci, ba mai sayar da ko ruwan leda. Wata shekara muna shiga da yara, rana ta yi sanyi, muka tarar da wani magidanci a tsakiyar hanyar nan da matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Tayarsa ta fashe, ya buɗe but ya ga safayar ma ba iska. Ruwan hannunsu bai fi rabin gora ba, ƙaramar yarinyar tana ta kuka, shi kuma sai waige-waige yake, don ya san inda yake tsaye. Muka matsa muka ɗauki iyalin. Har yau ina tuna yadda mutumin nan ya kasa haɗa ido da matarsa. Motarsa ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba, gaggawa ce kawai ta kai shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana jibi a kai mota wurin makanike, a duba taya da safaya da jak da ruwan lagireto. A cika tanki tun daga Bauchi. Ruwan sha ku ɗauka a jarka, fiye da abin da kuke zaton za ku sha. Ku yi sammako don ku kafa tanti ido na ganin ido. Kafin duk wannan kuma ku tuntuɓi ma'aikatan gandun da waɗanda suka bi hanyar kwanan nan, ku ji lafiyarta. Zamani ya sauya. Akwai dazuzzukan da muka kwana a cikinsu a da ba fargabar komai, yau sai da tambaya. In aka ce muku wuri kaza ba ya shiguwa yanzu, ku bar shi ba gardama. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya fasa tafiya bana yana iya yin ta baɗi. Ku duba lokaci ma. Da damina ciyawa takan shanye mutum, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun warwatsu. Da hunturu sai da bargo mai kauri. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kuwa, sa'ad da tafkuna suka ƙafe zafi ya tsananta, komai gangarowa yake kogin Gaji shan ruwa. Lokacin da ya fi wuyar zama shi ya fi yawan gani.

A Wikki akwai ɗakunan haya manya da ƙanana, akwai na ɗalibai masu sauƙin kuɗi, akwai wurin cin abinci. Ku da kuka zaɓi tanti ban ga laifinku ba, wanda ya kwana yadi ɗaya ne tsakaninsa da sararin Allah yakan ji abin da mai ɗaki ba ya ji. Amma inda ma'aikata suka nuna muku nan za ku kafa, ko da kun hango inuwar da ta fi. Wani tsohon ma'aikacin daji ne ya koya mini yin zango, mutum marar yawan magana, maharbi ne a da kafin ya rataye baka ya kama aikin gadi. Kafin ya shimfiɗa komai sai ya ƙare wa ƙasa kallo, ko akwai sawu, don dabba tana da hanyarta ta zuwa ruwa kuma ba za ta sauya ta dominka ba. Ya ɗaga kai ya duba reshe, ko busasshe ne, ko akwai zuma. Ya kauce wa suri da ramuka da tarin duwatsu. Sannan ya karyo ganye ya share wurin tas, yadda ko kunama ce ta ratsa da dare za a ga layinta da safe. Da zai kwanta ya cusa safa a bakin takalminsa ya rataye shi.

Ka yi yadda ya yi. Ƙasar nan, daga Alƙaleri har Kaltungo, ƙasar kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. 'Yar ƙarama ce, launinta launin ƙasa, da dare take yawo, dafinta kuma yana hana jini tsayawa. Kada ka fita cikin duhu ba tocila, kada ka yi yawo da silifa bayan magariba, kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse ko gungume. Ka zuge ƙofar tanti duk shiga duk fita. In tsautsayi ya faɗa wa wani, Allah ya kiyaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, ba jiran mai magani. A kwantar da shi, a hana shi takawa, a sa shi a mota a nufi asibiti. Ka tafi da gidan sauro. Tufafi kuma ka zaɓi masu haske masu dogon hannu, don ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi, cizonsa kuwa ko ta cikin riga yana ratsawa.

Masu gidan da za su fara tarbarka a Wikki su ne gwaggon biri da mugun dawa. Mugun dawa ba ruwansa da kai, zai durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana kiwo a gefen ɗaki, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya tsaye ya ruga. Biri kuwa da kai yake. Na ga wata baiwar Allah ta fito daga mota da ledar burodi a hannu, ɗanta yana jefa wa wani ƙaramin biri gyaɗa suna dariya. Kafin ta kai ƙofar ɗaki wani ƙaton namiji ya sha gabanta, ya yage baki ya nuna mata fiƙoƙi, ya fizge ledar, ya haye rufi ya zauna yana ci yana kallonta. Yaron ya kwana yana firgita. Sun iya murɗa hannun ƙofa, sun san kula, sun san jaka, sun san ƙarar leda daga nesa.

Ba a haifi biran nan ɓarayi ba, ɗana, mutane ne suka koya musu. Kowane baƙo da ya miƙa ayaba don ya ɗauki hoto ya ƙara musu ƙarfin hali, ya tafi gida da hotonsa, ya bar wa na bayansa cizo. Haka yawancin ɓarna take a duniya, mai shuka ta daban, mai girbinta daban. Kada ka ba su ko ɓawon lemo. Abincinku ya kwana a mota a kulle, don yadi ba ya tare biri. In ya riga ya kama abu ka sakar masa, kwaɗayin burodi kada ya ja maka allurai. Ka riƙe wannan har bayan ka bar daji: duk kyautar da za ka yi don a gan ka, ka tsaya ka duba wa zai kwana a ciki bayan ka wuce.

Sai wuta. Na taɓa tsayawa a kan tudu na ga gobarar daji tana tafe, iskar hunturu na kora ta. Busasshiyar gamba tana fashewa, shirwa na shawagi a saman hayaƙi tana cafke farar da ke gudu. Washegari muka bi wurin, toka har idon sawu, ga kunkuru ya ƙone a cikin ƙoƙonsa, don shi ba shi da saurin tsira. Ma'aikata da kansu sukan sa wuta a farkon rani, tun ciyawa da sauran danshi, don ta ci a hankali ta tare babbar gobara daga baya. Wannan aikin masu sani ne, da lokacinsa da lissafinsa. Ku in an ba ku izini, ku share kewaye, ku yi murhu da duwatsu, ku hura 'yar ƙarama. Risho ko kurfoti ya ishe ku shayi da taliya. Kafin kowa ya kwanta a kashe ta da ruwa, a tona tokar a sake zubawa. Addininmu ya hore mu da kashe wuta kafin barci, a cikin gida ke nan, balle a tsakiyar busasshiyar ciyawa. Ka zama kai ne mai tashi ka duba, ko da ba kai ka hura ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna da ku 'yan zamani. Kun saba komai ku latsa ya fito, daji kuwa ba ya latsuwa. Za ku hau motar zagaya da jagora da sanyin safiya ko da la'asar, ku bi gefen Gaji. Wataƙila ku ga garken ɓauna, ku ga gwanki da kanki da gwambaza, dorina ta fito da hanci, kada na shan hantsi a yashi. Wataƙila kuma ku yi ta tafiya ba ku ga komai ba sai zabin daji da ƙura. Na zauna mota ɗaya da wani saurayi mai ilimi mai kyan tufafi, tun da muka tashi yake tambayar ina zaki. Da aka juyo ba zaki sai ya hau jagoran da faɗa, wai ya biya kuɗinsa an cuce shi. Jagoran, wanda a haife ya haife shi, bai ce masa uffan ba. A hanyar nan mun wuce burtu biyu suna taku cikin ƙonanniyar ciyawa, mun wuce mazo a gindin kanya, mun wuce sawun giwa sabo fil. Saurayin nan ko ɗaya bai gani ba, ransa yana wurin abin da babu. Zakunan da suka rage a Najeriya kaf na Yankari ne da na Kainji, su ma 'yan kaɗan, kuma da dare suke harkarsu. Wanda ya ji rurinsu daga nesa ma ya yi sa'a.

Ranar da na fi ganin giwa da kyau, tsohon nan da na gaya maka ne ya kai mu. Ya tsayar da mota ya sauka, ya tsuguna gaban wani tulin kashi ya fasa shi da kara. Cikinsa da ɗumi, ga ƙwallayen 'ya'yan itace ba su narke ba. Ya nuna mana reshen da aka ɓalle, ruwansa bai bushe ba. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta kai ta, sannan ya sa aka matsar da mota inda warinmu ba zai je musu ba. Ya ce a kashe inji, kowa ya yi shiru. Muka zauna. Zafi ya dame mu, tsando ya dame mu, yara suka fara mutsu-mutsu, wani malami ya kama duba agogo yana cewa a tafi. Tsohon ko gezau. Can sai muka ji ƙarar karyewar itace, sannan wani gurnani mai zurfi da ƙirji ke ji kafin kunne. Sai ga uwar garke ta fito, ta tsaya, ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. Da ta gamsu ta wuce, sauran suka biyo ta a jere, 'yan ƙanana a tsakiya suna ratsawa ƙarƙashin cikin iyayensu. Dabba mai wannan nauyi, amma takunta ba ya ƙara. Suka gangara ruwa suka sha, suka watsa wa bayansu taɓo, suka haye. Da mun bi ta mai agogo, da mun tashi kafin su iso da abin da bai kai dafuwar shayi ba.

Mahaƙurci mawadaci, ɗana. Amma ka lura da irin haƙurin tsohon nan. Bai naɗe hannu yana jiran tsammani ba. Ya bi alama, ya gyara matsayi, ya yi duk abin da ke hannunsa, sannan ya zauna ya bar wa Allah saura. Irin wannan haƙurin nake so ka koyo, shi zai yi maka rana wajen neman aiki, da neman aure, da zama da mutane. In kuma ka yi duk wannan giwa ba ta fito ba, kada ka ce ka yi asarar tafiya. A dajin nan akwai tsuntsaye iri fiye da 350. Ka tambayi jagora sunan bishiya, sawun wane ne wannan, kukan mene ne wancan. Ba abin da ke faranta wa mai sani rai irin a tambaye shi abin da ya sani. Ka gaishe shi da ladabi, ka kira shi baba, in za ku rabu ka yi masa ihsani daidai ƙarfinka. Da ɗan gari akan ci gari.

In Allah ya nuna muku giwayen, kada murna ta ɗauke hankalinku. Ba a sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka. Giwa wata 22 take yi da ciki kafin ta haihu, abin da aka sha wa wannan wahala kuwa ba za a bari baƙo ya matso shi ba. In ta baza kunnuwa, ta girgiza kai, ta tako gaba, kashedi take yi maka. Namijin ɓauna da ya ware shi kaɗai ya fi garke haɗari. Dorina da dare takan fito kiwo, wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku. A kowace tawagar samari akwai guda mai son a ce ya fi kowa zuciya, mai cewa a matsa kaɗan don hoto ya fito. Kada ka zama shi, kada kuma ka ji nauyin tsawata masa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, a daji kuwa hohon har iyayensa da ke gida sai ya shafa.

Ruwan Wikki kuwa gani ya kori ji. Daga sansani ake gangarawa ta matakala, sai ka tarar da shi yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana hango farin yashi da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, daga nan ya gangara ya faɗa Gaji. Na ga dattawa masu ciwon gwiwa sun shiga sun ƙi fita. Na kuma ga ranar da wasu samari suka sauko da akwatin kiɗa da kwalabe, suna ihu suna ɗaukar matan mutane hoto, har wani magidanci ya tattara iyalinsa ya hau sama ba su taɓa ruwan ba, bayan sun yi tafiyar yini guda dominsa.

Kunyar da kake da ita a unguwarku ka tafi da ita can, kada ka ajiye ta a ƙofar Mainamaji. Mutane da yawa in sun yi nisa da gida, inda ba wanda ya san ubansu, sai su ga an sauke musu nauyi. A nan ne kuwa ake rarrabe tarbiyya ta gaskiya da ta ganin ido. Ka yi shigar mutunci, ka kau da kai daga iyalin wani, kada ka ɗaga waya inda mata suke. Sabulu da wanki ba wurinsu ba ne, abin da ka zuba a nan dabba ce za ta sha shi a ƙasa. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa yashi, kuma kada kowa ya sauka shi kaɗai da dare.

Ka lura da abokan tafiyarka ma, domin kwana biyu a zango yakan nuna maka abin da shekara biyu a aji ba ta nuna ba. Duk tawagar da na kai, tun daren farko nake sanin kowa. Akwai wanda mota na tsayawa zai kama sauke kaya ba a sa shi ba. Akwai wanda zai ɓace sai an sauke tukunya. Akwai mai ɓoye kilishinsa a ƙasan jaka ya ci cikin bargo, akwai mai raba 'yan dabinonsa har ya rasa nasa. Wani yaro da ba ya taɓuka komai a jarrabawa, shi na tarar da tsakar dare ya cire bargonsa ya lulluɓa wa ƙaramin da zazzaɓi ya kama, ya zauna yana karkarwa har asuba. Yau duk unguwarsu shi ake kai wa amana.

Ka zama mai ɗebo ruwa, mai wanke tukunya, mai tashin mutane salla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku san alƙibla tun da rana, ku yi sallarku cikin jam'i. Bayan isha'i ku rage murya ku kashe kiɗa. Wanda ya kwaso hayaniyar gari ya zo da ita daji, me ya zo nema? Ku zauna ku ji kukan kura daga nesa, ku ji tsawar birai in wani abu ya gilma ƙarƙashin bishiyarsu, ku ɗaga kai ku nemi kaza da 'ya'yanta da hasken lantarki ya daɗe da ɓoye muku.

In kun sami dama ku roƙi a kai ku kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da 100, da tsofaffin murahun narkar da tama na Ampara. Ku duba da ido, kada wani ya ɗauki ƙusa ya kankare sunansa a abin da ya yi shekaru aru-aru lafiya. Ka kuma sani Yankarin da za ka gani ba ta kai wadda aka buɗe a 1962 ba. Raƙumin dawa ya ƙare a cikinta, kyarkeci ya ƙare, rabbi ya ƙare. Annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 da ta karkashe shanun Fulani ba ta bar ɓauna ba. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, duk da haka suna cikin manyan garkunan da suka saura a ƙasar nan. Abin da ya rage ɗin ma ba da kansa ya rage ba. Akwai masu gadin daji da ke kwana a ƙasa, su yi kwanaki suna sintiri da ƙafa suna fuskantar maharba masu bindiga, wasu a cikinsu sun bar marayu. Akwai manoman ƙauyukan gefen daji da giwa kan shiga gonarsu dare ɗaya ta cinye wahalar shekara. Na ga dattijo tsaye a gonar dawarsa da aka tattake, bakinsa na rawa, ya kasa magana. Kai kallo za ka je ka dawo, su kuwa da abin suke kwana suke tashi.

Saboda haka in wani ya raɗa maka a hanya cewa akwai naman daji ko fata ko ɗan guntun haure mai araha, ka ce Allah ya sauwaƙe ka wuce. Ba don mai saye ba, da maharbi bai shiga daji ba. Gyaɗa ko rake ko ƙwan zabi da matan ƙauye suka kasa a bakin hanya kuwa, ka saya da hannu sake, kada ka tsaya neman ragi wurin wadda giwa ta cinye wa gona. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi lafiyar amfani. Mutumin da ya ga dajin nan yana kawo masa alheri shi zai tsare shi ranar da ba ma'aikaci a kusa.

Ranar tashi ku riga rana. Ku naɗe tanti ku kakkaɓe shi da kyau kafin ya shiga mota, don kunama tana son ƙarƙashinsa. Ku bi wurin a jere ku tsince komai, leda, gwangwani, murfin kwalba, igiya, har da wanda ba ku kuka yar ba. Ledar da ka raina ita mazo zai haɗiya ta toshe masa hanji. Ku zuba a buhu ku fito da shi, a Bauchi za ku zubar. Ku bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ku yi musu sallama da godiya. A hanyar fita direba ya tafi sannu, don dabba ba ta duba hagu da dama in za ta tsallaka. Ku yi ƙoƙari ku wuce Dindima kafin la'asar, magariba ta same ku a cikin gari. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.